Fara'a da Farin Cikin Mai Bi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da taron zumuntar mata a ikilisiyoyinmu na karkarar Kano da Jigawa, tun daga Gani da Ƙaraye har Roni da Malam Madori. Wasu a bainar jama'a ake yin su, wasu kuwa sai an tashi daga sujada mutum zai ja ka gindin darbejiya ya rage murya. Na bar su kamar yadda aka saba yin su.

Malam, wai akwai inda Littafi Mai Tsarki ya ce a yi murmushi?

Ba za ka sami doka mai cewa "ka yi murmushi" ba. Amma maganar fuska tana nan da yawa. Karin Magana 15:13 ta ce zuciya mai murna takan sa fuska ta yi haske, baƙin cikin zuciya kuwa yakan karya ruhu. A 17:22 aka kira zuciya mai farin ciki magani, aka ce karyayyen ruhu yana busar da ƙashi. Albarkar da Allah ya ba Haruna ya riƙa sa wa Isra'ilawa, a Littafin Ƙidaya 6:24-26, roƙo ce cewa Ubangiji ya haskaka fuskarsa a kanmu. Ko a batun azumi, Yesu ya hana almajiransa turɓune fuska don a san suna yi. Ya ce su shafa mai, su wanke fuska (Matiyu 6:16-18).

Ka lura da yadda aka jera abin: zuciya tukuna, fuska ta biyo baya. Kakanninmu ma haka suka gani da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Farin ciki ai zuwa yake yi da kansa. Yaya za a ce mutum ya sa kansa?

Rabin maganarka gaskiya ce. Galatiyawa 5:22 ta lissafa farin ciki cikin 'ya'yan Ruhu, wato baiwa ce, ba mutum ne yake ƙera ta ba. Sai dai Bulus ɗin da ya rubuta wannan, shi ne ya ce wa Filibiyawa su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita (Filibiyawa 4:4). Ba a umartar mutum da abin da ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Yana ɗaure kuma ya rubuta wasiƙar. Mutanen Filibi sun san ba cika baki yake yi ba, domin a garinsu ne aka yi masa bulala shi da Sila, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare sauran 'yan sarƙa suka ji su suna addu'a suna waƙa (Ayyukan Manzanni 16:22-25).

Ba ka da iko a kan abin da zai taso maka a zuciya da asuba. Amma kai ne kake yanke shawarar majalisar da za ka zauna da yamma, ko wadda ake kwana ana lissafin laifin mutane ce ko wata. Kai ne kake da iko a kan kalmar farko da matarka za ta ji daga bakinka. Kai ne za ka ga dama ka ambaci abu uku da Allah ya yi maka kafin ka fara jero masa buƙatu. Iyakar hannunka ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Ruwa ya cinye mini gona, rumbuna wayam. Da wane baki za a ce mini in yi murna?

Ɗan'uwa, duk wanda ya zo maka da wannan magana hannu rabbana, bai karanta Yakubu 2:15-16 ba, inda aka tambayi amfanin ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ya ci ya ƙoshi ba tare da an ba shi komai ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja sun san cewa akwai shekarar da wa'azi kaɗai ba ya shiga kunne. Inda aka fi ambaton ayar nan ta cewa farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu, wato Nehemiya 8:10, mutane sukan manta da farkonta. Nehemiya ya ce wa jama'a su je su ci mai daɗi su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su da komai. Tare da kwanon abinci aka aika farin cikin. Saboda haka wannan tambaya ta fi shafar dattawan ikilisiya fiye da kai. Hatsin da aka tara ranar godiyar kaka, ina ya tafi? In an sayar da shi duka an sayi lasifika alhali akwai gidajen da a watan Agusta ba a ɗora tukunya sai sau ɗaya, to an yi wa ayar fashi.

A naka ɓangaren kuma, ka karanta ƙarshen littafin Habakuk. Manomi ne zai fi kowa gane shi. Annabin ya jera asara ɗaya bayan ɗaya: ɓaure bai yi toho ba, inabi bai yi 'ya'ya ba, zaitun ya ƙi, gona ba ta ba da abinci ba, garke ya watse, turke babu sa ko ɗaya. Bai rage ko ɗaya don ya yi wa Allah kara ba. Sai da ya gama lissafin tsaf sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa (Habakuk 3:17-18). Bai ce asarar alheri ce ba. Abin da ya ce shi ne, akwai abin da ruwa bai tafi da shi ba.

Ka san yadda ake binne. Ƙasa a bushe, sama ba ko gizagizai, maigida ya kwance ɗan geron irin da ya ɓoye tun kaka, yara suna kallo, uwargida ta san zai yi kunun kwana biyu, shi kuwa ya saɓa sungumi ya je ya zuba shi a cikin rairayi mai zafi. Ba dariya yake yi ba a lokacin. Amma mai binne bai fid da rai ba, da ya fid da rai da ya kai irin turmi. Irin wannan ne Zabura 126:5-6 take nufi da masu shuka da hawaye, waɗanda za su komo da dammuna suna sowa. Farin cikin mai bi a shekarar asara sau da yawa kamanninsa ke nan: ya tashi, ya wanke fuska, ya gai da maƙwabta, ya nemo irin rani.

Kuka a wurin rasuwa rashin bangaskiya ne?

A'a. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru (Yahaya 11:35), alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Bulus bai ce kada mu yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada namu ya zama irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13). Zabura 88 ma daga farkonta har ƙarshe kuka ce, ba ta juyo ta yi wata murna ba, kuma an bar ta a cikin Littafin.

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana wadda ba ta burge ni. Mace ta rasa mijinta jiya, tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, mayafi ya rufe mata rabin fuska, sai wata ta shigo da murya sama tana cewa, "Haba Mama, share hawaye, ki yi murmushi, ai yana wurin Ubangiji." Nufinta alheri ne, amma Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai yi wa baƙin ciki waƙa da mai tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma duk abin da suka yi masa babu wanda ya kai wannan kyau. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace. Romawa 12:15 ta haɗa biyun a aya ɗaya: a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka. Ki shiga, ki durƙusa, ki ce "Sannu Mama, yaya haƙuri," ki ɗauki tulu ki ɗebo mata ruwa. Ya isa.

Gaskiya ne fara'a tana ƙara lafiya, ko dai zance ne kawai?

Akwai gaskiya, sai dai a yi hankali da masu ƙara gishiri. Likitoci sun san cewa damuwar da ta daɗe tana hana barci, tana taɓa cin abinci, tana kuma da hannu a hawan jini. Dariya ta gaske, musamman cikin jama'a, takan sassauta jiki, ta rage jin zafin ciwo na ɗan lokaci. Mutumin da yake da abokan hira da masu leƙo shi yakan fi wanda ya kaɗaita jure wa cuta da tsufa, sakin fuska kuwa shi ne yake jawo masu leƙowar.

Batun cewa motsa baki kawai zai sauya zuciya, wannan masana sun ja da baya a kansa. A 1988 wasu masu bincike a Jamus da Amurka sun sa mutane riƙe alƙalami da haƙora, yadda baki zai buɗe kamar ana murmushi, suka ce hotunan barkwanci sun fi ba waɗannan mutane dariya. Labarin ya bazu ko'ina. A 2016 aka sake gwajin a wurare 17, ba a sami abin da aka samu da farko ba. Abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne, in ma akwai tasiri, ɗan kaɗan ne.

Saboda haka mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, mai ciwon suga ya kiyaye abin da aka hana shi. Kada wani ya ɗauko Karin Magana 17:22 ya hana ka zuwa asibiti.

In na yi wa mutum murmushi alhali raina a ɓace, ban yi munafunci ba?

Ya danganta da abin da kake nema. In kana washe wa mutum baki don ya saki jiki ka cuce shi, ko don ya ɗauka kun shirya alhali kana riƙe da shi a zuci, wannan yaudara ce. Gara ka je ka same shi ku biyu ku yi magana, kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar. In kuwa ranka ya ɓaci a kasuwa, ka dawo gida ɗan autanka ya rugo ya rungume maka ƙafa, ka danne ka sakar masa fuska, ba ka yi ƙarya ba. Ka hana shi biyan bashin da ba shi ya ci ba.

Mutane kuma ba wawaye ba ne. Wani likitan Faransa mai suna Duchenne ya nuna tun 1862 cewa murmushin da ya fito daga zuciya yana motsa naman da ke kewaye da ido, na dole kuwa yawanci a leɓe yake tsayawa. Kowace tsohuwa a ƙauyenmu ta san yaƙe in ta gan shi, ba sai an kawo mata likita daga Faransa ba. Karin Magana 14:13 ma ta ce ana iya dariya zuciya tana ciwo. Don haka ya kamata kowane mai bi ya sami mutum ɗaya ko biyu da in sun ce "ina gajiya", ba lallai ya amsa da "ba gajiya" ba.

Baba Fasto, mijina a waje kowa yabonsa yake yi, amma da ya yi sallama a gida sai ya haɗe rai. Me zan yi?

'Yata, kin taɓo inda ya fi ciwo, kuma ba gidanki kaɗai ba ne. Ana ganin mutum a bakin majami'a ranar Lahadi yana gaisawa da hannu biyu, yana tsokanar yaran mutane, a teburin mai shayi shi ne mai ba da labarin da kowa zai riƙe ciki. Da ya jingina kekensa a zaure ya yi gyaran murya, sai gidan ya yi tsit. Yaran da ke wasan langa su sulale bayan rumbu, uwa ta rage rediyo, a ajiye masa tuwo a ja da baya. Bai zagi kowa ba, bai doki kowa ba, amma kowa ya san ya dawo.

Da maza zan yi magana a nan, domin na san amsar da sukan bayar: wai in ka saki fuska a gida za a raina ka. An gaje ta ne daga iyaye, tare da kunyar ɗan fari da sauran al'adunmu, kuma ba duka abin zargi ba ne. Amma tsoro daban, girmamawa daban. Yaron da yake tsoron fuskar ubansa, ranar da ya shiga matsala uban ne na ƙarshe da zai ji. Kolosiyawa 3:19-21 ta ce wa maza kada su yi wa matansu ɗaci, ta ce wa iyaye maza kada su matsa wa 'ya'yansu har su karaya. A misalin ɗan da ya ɓace, a Luka 15, uban ne ya hango yaron daga nesa, ya ruga da gudu, ya rungume shi, dattijo guda a gaban barorinsa. Yesu bai ga girmansa ya ragu ba. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma baƙo kawai muke yi wa ita. Wadda ta daka, ta ɗebo ruwa, ta yi goyo, ta fi baƙo cancanta.

Ke kuma, kada ki tare shi da maganar a gaban yara ko lokacin da ya shigo da gajiya. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki faɗa masa abin da kike gani a fuskar yaran in ya shigo. Wani bai ma san yana yi ba. Wani kuma bashin taki ne yake cinsa ya rasa wanda zai gaya wa. In abin ya wuce ɗaure fuska ya kai ga duka ko hana abinci, wannan ba batun fara'a ba ne kuma, ki sanar da dattawa da iyayenki.

Ni budurwa ce. In na cika fara'a sai a ce ba ni da kamun kai.

Masu faɗa ba za su daina ba. Ki gai da kowa da sakin fuska, ki san inda za ki tsaya, kuma ba dole ba ne ki yi wa wanda yake damunki a hanyar rijiya murmushi. Ɗaure masa fuska ba zunubi ba ne.

Yaya batun maƙwabtanmu Musulmi, musamman inda ake nuna mana bambanci?

Mu tsiraru ne a nan, kuma ba wanda zai ce kullum zaman yana da sauƙi. Amma Yesu ya tambaya, in 'yan'uwanku kaɗai kuke gayarwa, me kuka yi fiye da kowa (Matiyu 5:47)? Bulus ya ce iyakar iyawarmu mu yi zaman lafiya da dukan mutane (Romawa 12:18). Yawancinsu ma danginmu ne, kaka ɗaya, gona a jikin gona, gayya ɗaya muke fita. A wurinsu ma akwai hadisin da ya ce murmushi ga ɗan'uwa sadaka ne, saboda haka harshe ne da suke ji.

Tarihinmu ma ya nuna haka. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, amma a ƙasar Kano mutane da yawa ba a takarda suka fara sanin masu bi ba. Sun san su ne a Yadakunya, inda ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙa wanke gyambon kutare tun a shekarun 1930, da asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, wanda har yau ake zuwa daga nesa. Wanda aka karɓe shi da fuska a sake ranar da kowa yake gudunsa ba ya mantawa. Wannan kuma ba ya nufin in an danne maka haƙƙi ka yi ta yaƙe. Bulus ɗin nan da ya yi waƙa a kurkuku, da gari ya waye ya ƙi fita a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su.

Dariya da rawa a cikin majami'a fa?

Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal ce ta raina shi, ba kuwa ita aka yaba ba (2 Sama'ila 6). In 'yan zumuntar mata sun ɗauki tulu da caki, a bar su. Dariyar da aka hana ita ce ta batsa (Afisawa 5:4) da wadda ake yi da wani: mai in'ina, gurgu, wanda ya yi tuntuɓe a karatu. Wasan jika da kaka ko na taubasai yana da daɗi domin duka biyun suna dariya.

Na yi addu'a, na yi azumi, amma wata da watanni ba abin da yake faranta mini rai. Allah ya yashe ni ne?

Bai yashe ka ba. Annabi Iliya, bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara aika masa shi ne gurasa da ruwa da barci, har sau biyu, magana ta zo daga baya (1 Sarakuna 19).

In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciya a cushe, abin da kake so a da ya fita daga ranka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, kana ganin ba ka da amfani, to akwai yiwuwar ciwon damuwa ne. Cuta ce kamar sauran cututtuka, tana kama mai bi da wanda ba mai bi ba, takan kama mata bayan haihuwa, kuma ana maganinta. Ka fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura ka gaba in da buƙata. Akwai asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In tunanin kashe kai yana zuwa maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani yau ɗin nan. Masu jinya kuma, ku daina ce wa irin wannan mutum ya ƙara bangaskiya. Ku raka shi, ku biya masa kuɗin mota.

Haƙorana sun zube, sauran kuma goro ya rina su. Kunyar buɗe baki nake ji.

Baba, jikokinka ba ƙirga haƙora suke yi ba. Jariri tun yana wajen mako shida yake fara mayar wa mutum murmushi, kuma ba ya tambayar ko akwai giɓi. In dai warin baki ne ko ciwo yake sa ka rufe baki da hannu, wannan yana da gyara. A riƙa yin asuwaki ko buroshi safe da dare, a rage goro da alewa da shayi mai sukari da yawa, a kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri in dasashi ya kumbura. Haƙorin da ya yi rami yana hana barci kuwa a kai shi wurin likitan haƙori a babban asibiti, kada a bari mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa shi, kuma kada a cusa masa ruwan batir ko fetur kamar yadda wasu suke yi.